Kurmin Gora na Arashiyama

Kurmin Gora na Arashiyama wani kurmi ne na dogayen gora da ke yankin Sagano, a yammacin birnin Kyoto na ƙasar Japan. Wata siririyar hanya mai tsawon kimanin mita 400 ta ratsa ta tsakiyarsa, daga kusa da wurin bauta na Nonomiya, ta wuce ƙofar arewa ta haikalin Tenryu-ji, ta ƙare a bakin gidan Okochi Sanso. Yana cikin wuraren da aka fi ɗaukar hotonsu a Japan, kuma shi ne zangon farko na yawancin yawon keke da ake shiryawa baƙi tare da jagora a wannan yanki. Kurmin ya yi suna ne saboda shiru da natsuwarsa, amma yawan masu ziyara ya sa samun wannan natsuwa ya yi wuya in ba da sassafe ba. Wannan ne ya sa masu shirya yawon keke suke wucewa da baƙi zuwa ƙananan kurame da tsoffin wuraren tarihi da ke nesa da cunkoso.

Suna

A harshen Japananci, arashi na nufin guguwa, yama kuma tsauni, wato Arashiyama "tsaunin guguwa" ke nan. Asalin sunan na wani tsauni ne mai tsayin mita 382 da ke kudu da kogin Katsura. Shi kurmin yana arewa da kogin, a yankin da ake kira Sagano, shi ya sa wasu ke ce masa kurmin Sagano. A yau mutane kan kira duka gefe biyu na kogin da sunan Arashiyama.

Hanyar da ta ratsa kurmin ana kiranta Chikurin no Komichi, ma'ana "ƙaramar hanyar kurmin gora". Japananci yana da lafazi biyu ga harafin da ake rubuta gora da shi: take, wanda shi ne na asalin harshen, da chiku, wanda aka aro daga Sinanci. Na biyun ne ya fito a kalmar chikurin. Haka kuma ɗafin -ji da ke ƙarshen sunaye irin su Tenryu-ji da Daikaku-ji yana nuna cewa wurin haikalin addinin Buddha ne.

Irin gorar da ke wurin

Mafi yawan gorar kurmin irin da ake kira moso ce, wadda masana tsirrai suka sa wa suna Phyllostachys edulis. Asalinta daga ƙasar Sin ne. Dangi ce ga gorar da aka sani a ƙasar Hausa, Oxytenanthera abyssinica, wadda ake yin sanda da tankar ɗaki da ita, amma sun bambanta ta fuska biyu. Moso ta fi kauri da tsawo, takan kai mita 20 ko fiye. Sannan gorar ƙasar Hausa tana fitowa ne a dunƙule wuri guda, ita kuwa moso saiwarta ce ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa tana fitar da kara ɗaya ɗaya a warwatse. Shi ya sa mutum ke iya hango cikin kurmin ta tsakanin kararen, kamar yana duban ginshiƙai.

Gora ba bishiya ba ce, tana cikin dangin ciyawa, tare da dawa da gero da rake. Sabon tsiro yana fitowa a watannin Afrilu da Mayu, kuma a lokacin da girmansa ya fi sauri yakan ƙaru da kusan mita ɗaya a yini. Cikin 'yan watanni karan ya kai iyakar tsawonsa, daga nan ba ya ƙara kauri. Wannan yana da muhimmanci wajen kula da kurmin, domin kara ba ya yin sabon ɓawo: duk raunin da aka yi masa yana nan har ranar da aka sare shi.

Kurmin ba daji ne da ya fito da kansa aka bar shi ba. Ana sare tsoffin karare domin haske ya shiga, ana kuma gyara shingen busassun rassa da ke gefen hanya. Inda aka daina wannan aiki, kamar yadda ya faru a ƙauyuka da dama na Japan bayan roba ta maye gurbin gora a kayan gida, kurmi yakan cushe ya yi duhu, ya kuma mamaye gonaki da dazuzzukan da ke kusa. A Kyoto har yanzu ana amfani da gora wajen saƙa kwanduna da yin shinge da kayan shan shayi, ana kuma cin ɗanyen tsironta, wanda ake kira takenoko.

Tarihi

Kyoto ta zama babban birnin Japan a shekarar 794, ta kuma ci gaba da zama mazaunin sarki har zuwa lokacin da fada ta koma Tokyo bayan juyin Meiji na 1868. Tun farkon wannan zamani sarakuna da fadawa suka mayar da Sagano wurin hutawa. Sarki Saga ya gina gidan shaƙatawa a can, wanda aka mayar haikalin Daikaku-ji a shekarar 876. A ƙarni na 13, marubuci Fujiwara no Teika ya tattara waƙoƙi 100 na mawaƙa 100 a gindin tsaunin Ogura, kusa da kurmin, kundin da aka sani da Ogura Hyakunin Isshu.

A shekarar 1927 gwamnatin Japan ta ayyana Arashiyama a matsayin wurin tarihi mai kyan gani. Dokar kare tsoffin manyan birane ta 1966 ta taƙaita gine-gine da sare itatuwa a yankin Sagano, abin da ya taimaka kurmin ya tsira a lokacin da birnin ke faɗaɗa. A 1996 kuma hukumar muhalli ta ƙasar ta fitar da jerin sautuka 100 da take son a adana, ta sa sautin iska a kuramen gora na Kyoto a ciki.

Wuraren tarihi na kewaye

Tenryu-ji shi ne mafi girma. Shugaban mulkin soja Ashikaga Takauji ne ya kafa shi a 1339 domin tunawa da Sarki Go-Daigo, wanda ya yi yaƙi da shi kuma ya mutu a wannan shekarar. An kammala ginin a 1345, wato 'yan shekaru kafin Yaji ya hau sarautar Kano. Da kuɗi suka yi ƙaranci, sai aka aika jiragen fatauci zuwa Sin domin a samo abin ƙarasa aikin. Gobara ta cinye gine-ginensa sau takwas, ta ƙarshe a 1864, amma lambun da malaminsa na farko, Muso Soseki, ya tsara a bakin tafkin Sogenchi yana nan a kan tsarinsa. A 1994 hukumar UNESCO ta sa haikalin cikin wurare 17 na tsohuwar Kyoto da ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya.

Nonomiya ƙaramin wurin bauta ne na addinin Shinto. A da, gimbiyar da aka zaɓa ta yi hidima a babban wurin bauta na Ise takan zauna a Nonomiya ta yi tsarki kafin ta tafi. Ƙofarsa an yi ta ne da itacen da ba a ɓare ɓawonsa ba, kuma an ambaci wurin a littafin Genji Monogatari na ƙarni na 11.

Gadar Togetsukyo tana kan kogin Katsura, tsawonta mita 155, kuma wadda ake gani yanzu an gina ta a 1934. Okochi Sanso kuwa gida ne da lambu na ɗan wasan fim Okochi Denjiro (1898–1962), wanda ya shafe kimanin shekara 30 yana gina shi.

Idan aka nausa arewa, mutane kan ragu. Akwai Rakushisha, bukkar Mukai Kyorai, inda malaminsa mawaƙi Matsuo Basho ya sauka a 1691. Akwai Gio-ji mai lambun gansakuka, da unguwar Saga-Toriimoto mai tsoffin gidaje, wasu da jinkar ciyawa. Adashino Nenbutsu-ji yana da duwatsun tunawa da matattu kusan 8,000, kuma a bayansa akwai wani ƙaramin kurmin gora da ya fi na Arashiyama shiru. Can gaba a kan tudu akwai Otagi Nenbutsu-ji, mai gumakan dutse 1,200 da mutanen gari waɗanda ba masassaƙa ba suka sassaƙa tsakanin 1981 da 1991.

Yawon keke tare da jagora

Waɗannan wurare suna warwatse ne a kan 'yan kilomitoci, hanyoyin da suka haɗa su kuma ƙanana ne, suna bi ta tsakanin gidaje da gonakin shinkafa. Tafiya a ƙafa takan cinye yini, manyan motoci kuma ba sa iya shiga lunguna da yawa. Keke ne ya fi dacewa da irin wannan nisa. Akwai shagunan hayar keke kusa da tashoshin jirgin ƙasa na yankin, akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu da ke haɗa keke da jagora mai jin Turanci ko wani harshen.

Yawon yakan ɗauki rabin yini, da mutane kaɗan a kowace tawaga. Galibi ana farawa da sassafe daga kusa da tashar Saga-Arashiyama, a shiga kurmin kafin jama'a su taru, sannan a nufi arewa wajen Daikaku-ji da tafkunan Osawa da Hirosawa, ko a hau tudu zuwa Saga-Toriimoto. Idan hanyar kurmin ta cika, masu keke kan sauka su tura. Ana amfani da keken gari mai kwando a gaba, wanda Japanawa ke kira mamachari, ko keke mai batir domin hawan tudu.

Aikin jagora ya wuce nuna hanya. Shi ne ke bambance wa baƙo haikalin Buddha da wurin bautar Shinto, ya gaya masa inda ake cire takalmi da inda aka hana ɗaukar hoto, ya kuma tunatar da tawaga cewa lungunan da suke bi unguwannin mutane ne.

Masu son tafiya mai nisa suna da hanyar keke da ta tashi daga Arashiyama ta bi gaɓar kogin Katsura da na Kizu, mai tsawon kimanin kilomita 45, kwatankwacin nisan Kano zuwa Wudil. Hanyar ta ratsa garin Yawata, inda Thomas Edison ya samo gorar da ya yi zaren ƙwan lantarkinsa da ita daga 1880. Kudu da Arashiyama kuma, a garin Muko, akwai hanyar gora mai tsawon kilomita 1.8 da ake kira Take no Michi, wadda baƙi ba su cika zuwa ba.

Dokokin hawan keke

A Japan keke abin hawa ne a idon doka, kuma ana tuƙi ta hannun hagu, saɓanin Najeriya da Nijar. Dole a kunna fitila da dare, kuma an hana goyon babban mutum a baya. Tun daga Afrilun 2023 doka ta buƙaci kowane mai keke ya yi ƙoƙarin sa hular kwano, a Nuwamban 2024 kuma aka tsananta hukunci kan riƙe waya ko hawa cikin maye. Hukumomin Kyoto suna kwashe duk keken da aka ajiye a inda ba a keɓe ba, sai mai shi ya biya kuɗi kafin a mayar masa.

Cunkoso da ɓarna

Baƙin da suka shiga Japan sun kai kimanin miliyan 31.9 a 2019, bayan annobar korona kuma adadin ya haura zuwa kimanin miliyan 36.9 a 2024. Arashiyama na cikin wuraren da wannan ƙaruwa ta fi shafa, musamman a farkon Afrilu lokacin furen sakura da kuma Nuwamba lokacin da ganyen bishiyoyi ke komawa ja. Mazauna yankin suna kokawa da shara da toshe hanya da shiga filayen mutane domin ɗaukar hoto.

Babbar illa ga kurmin ita ce rubutu a jikin gora. A 2018 an gano karare kusan 100 da aka karce sunaye da haruffa a jikinsu, a 2025 kuma binciken hukumar birnin ya gano kimanin 350. Tun da kara ba ya warkewa, abin da ya rage shi ne a rufe wurin da koren tef ko a sare karan gaba ɗaya. Birnin Kyoto ya fara karɓar harajin kwana a masaukai a Oktoban 2018, yana kuma ƙarfafa baƙi su riƙa zuwa da sassafe, ko a watannin da ba a cika zuwa ba, ko su ziyarci wuraren da ba su yi suna ba. Yawon keke ya dace da wannan manufa domin yana rarraba mutane, ko da yake yana kai baƙi cikin unguwannin da a da ba sa ganin kowa sai mazaunansu.

Yadda ake zuwa

Daga babbar tashar Kyoto, jirgin ƙasa na layin Sagano yana kai mutum tashar Saga-Arashiyama cikin ƙasa da minti 20. Akwai kuma ƙaramin jirgin cikin gari na Randen, wanda ya fara aiki a 1910, da layin Hankyu da ke tsayawa a kudancin kogi. Hanyar kurmin a buɗe take dare da rana kuma ba a biyan kuɗin shiga, amma Tenryu-ji da Okochi Sanso da sauran haikalan suna karɓar kuɗi, suna kuma rufewa da yamma.