Ƙusar Amalanke da Dutsen Baka: Asalin Kalmomin "Jigo" a Turanci

Yawancin kalmomin da Turanci ke nuna jigon abu da su, wato ɓangaren da in babu shi saura ba za su tsaya ba, sunayen kayan aiki ne tun asali. Maƙera, magina, matuƙan jirgin ruwa da lauyoyi ne suka fara furta su a bakin aiki, daga baya suka shiga bakin kowa. Hausa ma ta bi irin wannan hanya, domin jigo sandar ɗebo ruwa ce a lambu kafin ya zama sunan babba a jam'iyya ko manufar littafi.

Kalmar linchpin tana cikin masu dogon tarihi. Ƙusa ce 'yar ƙarama da ake zurawa a hudar da ke bakin sandar da ƙafar amalanke ke juyawa a kanta. Tsawonta bai wuce tafin hannu ba. In ta zare, ƙafar za ta yi ta gusawa waje sannu a hankali, mai tuƙi bai sani ba, sai dai ya ga kaya a ƙasa, doki na jan itace. Tushen kalmar shi ne lynis na tsohon Turanci, amma abin da kansa ya girmi harshen. A Wetwang da Kirkburn, a gabashin Yokshaya, an tono kaburburan da aka binne manyan mutane tare da kekunan dokinsu fiye da shekaru 2,000 da suka wuce, an kuma samu irin waɗannan ƙusoshi na ƙarfe, an yi wa kawunansu ado da tagulla. Wanda ya zauna ya ƙawata ƙusa ya san darajarta. Yau Bature zai kira ma'aikaci linchpin na ofis alhali bai taɓa taɓa amalanke ba.

Magina sun bayar da kalmomi biyu. Cornerstone shi ne dutsen kusurwa da ake fara azawa, wanda daga gare shi ake auna miƙewar bango biyu. Fassarorin Littafi Mai Tsarki, musamman ta zamanin Sarki James a 1611, su suka yaɗa ma'anarsa ta ginshiƙin al'amari. Bikin aza shi ma ya zama al'ada: a ranar 18 ga Satumba 1793 George Washington ya aza na ginin majalisar dokokin Amurka.

Keystone ya fi ban sha'awa. Magini kan kafa bakan katako, ya jera duwatsu a kansa daga dama da hagu, kowanne an sassaƙe shi sama da faɗi ƙasa da tsini. Idan suka kusa haɗuwa a ƙololuwa, sai a saka dutse na ƙarshe ya matse su, sannan a janye katakon, bakan ya tsaya da kansa. Gaskiyar magana, duk dutsen da aka zare a cikin bakan zai rushe shi, wannan dai ya samu ɗaukaka ne don shi ne na ƙarshe, kuma shi ido ke fara gani. Bakan gizo na ginin Hausa, irin na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, da azara da laka ake ɗaure shi, don haka magininsa bai buƙaci wannan dutse ba. Jihar Fensilbaniya ta Amurka ta ɗauki kalmar keystone ta zama kirarinta. A 1969 kuma masanin halittu Robert Paine ya shigar da ita kimiyya, bayan ya kwashe wata halittar teku mai siffar tauraro daga wata gaɓar dutse a jihar Washington, ya ga nau'o'in halittun wurin sun ragu daga 15 zuwa 8.

Daga teku aka samu mainstay, igiya mai kauri da aka shafe da kwalta, wadda ke riƙe babban itacen tsakiyar jirgi ta gaba don kada ya faɗi baya. Ingila ƙasa ce da ke kan tsibiri, mai cin abinci daga teku, ba mamaki kalmar ta hau tudu. Nuts and bolts kuwa, wato noti da ƙusarsa, ɗan zamanin masana'antu ne. Kafin Joseph Whitworth na Mancesta ya fito da ma'auni guda na tiredi a 1841, notin wannan masana'anta ba ya shiga ƙusar waccan.

Rabon lauyoyi yana da nasaba da yaƙin 1066, lokacin da Normandawa suka ci Ingila, Faransanci ya zama harshen fada da na kotu. An yi doka a 1362 cewa a riƙa shari'a da Turanci, amma lauyoyi suka ci gaba da rubutu da Latin da wani gurɓataccen Faransanci, har wata dokar ta fara aiki a 1733. A tsawon wannan zamani suka saba jera kalmomi biyu masu ma'ana ɗaya don toshe kafar musu. Haka aka samu part and parcel, inda parcel ke nufin ɗan yanki, musamman na fili, ba ƙunshin da ake aikawa ta gidan waya ba. Gist ma daga can ta fito. Aikatau ce ta Faransanci mai ma'anar "yana kwance", ana faɗinta a kan hujjar da ƙara ta kwanta a kanta, sai ta zama sunan zuciyar magana. Da ta iso Nijeriya sai ta sake sheƙa, ta koma hira da ɗan tsegumi tsakanin abokai. Ƙamus na Oxford ya shigar da wannan sabuwar ma'ana a Janairun 2020, tare da okada, danfo da Kannywood.