Hantar Masar: daga tsargiya zuwa kitse

A shekarar 1851 wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ya gano tsutsar tsargiya a asibitin Kasr al-Aini da ke Alƙahira. Tsutsar tana shiga jikin manomi ta fata idan ya tsoma ƙafa a magudanan ruwan Nilu, kuma wani nau'inta hanta yake lalatawa. Daga shekarun 1950 har zuwa farkon 1980 gwamnatin Masar ta yi ta bin ƙauyuka da allurar tartar emetic don kashe tsutsar. Mutane su yi layi, ma'aikaci ya ɗauko sirinjin gilashi, ya soka wa wannan ta jijiya, ya ɗan ɗauraye, ya soka wa na bayansa, kuma kowa sai ya dawo fiye da sau goma. Garin neman gira aka rasa ido, domin da wannan allura aka baza ƙwayar ciwon hanta nau'in C, wadda ba a ma gano ta ba sai a 1989. A binciken 2008, kusan kashi 15 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 59 suna da alamarta a jini.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda Masar ta gudanar da gangamin gwajin ƙwayar da ta fara a Oktoban 2018. An gwada jinin mutane kusan miliyan 50 cikin 'yan watanni, amma ba a tsaya ga ƙwayar ba: an auna suga, an auna hawan jini, an ɗora mutum a sikeli. A ganina wannan ne wayon gangamin, domin tun zamanin da ake yaƙar ƙwayar da allurar interferon likitoci sun lura cewa mai teɓa da mai kitse a hanta ba sa jin magani kamar sauran, kuma tabo yana saurin cin hantarsu. Ita kanta ƙwayar tana dagula aikin insulin, ta buɗe wa ciwon suga ƙofa.

Wani zai ce ai maganin sofosbuvir ya shigo ƙasar a 2014, shi da ire-irensa suna kashe ƙwayar cikin mako 12, da ƙiba ko babu. Har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Masar matsayin zinare a yaƙi da ƙwayar a 2023. Gaskiya ne, kuma nasara ce babba. Sai dai shi maganin, ƙwayar kawai yake kashewa, ba ya narkar da kitsen da ƙiba ta tara. Wanda hantarsa ta riga ta taurare yana nan cikin haɗarin ciwon daji bayan warkewa, kuma haɗarin ya fi yawa idan yana da suga. Masar kuwa tana cikin ƙasashen da ƙiba da suga suka fi yawa a duniya. Manomin da aka yi wa allura yana yaro, aka warkar da shi yana dattijo, har yanzu hantarsa tana buƙatar a riƙa duba ta kowane wata 6 idan ta yi tabo mai tsanani.