Asalin Gidan Sarki Clovis na Farankawa

A zamanin da mulkin Rumawa ya fara raurawa a yammacin Turai, akwai waɗansu ƙabilu mayaƙa da ke zaune a bakin kogin Rhine, ana ce da su Farankawa. Ba su da sarki guda, kowane jinsi da nasa. Amma sarakunan nan suna da alama ɗaya: ba sa aski. Talaka zai rage suma, ɗan sarauta kuwa sai ya bar tasa ta zubo har kafaɗa. Wanda aka yi wa ƙwal-kwabo, to, an cire shi daga layin masu neman gado ke nan.

Gidan da ya gagari sauran shi ne na Merovech, wanda zuriyar ta ci sunansa, ake kiranta Merovingian. Labarin mutumin nan duhu ne. Gregory, babban limamin garin Tours, wanda ya rubuta tarihin Farankawa a ƙarshen ƙarni na 6, iyakar abin da ya iya faɗa shi ne waɗansu sun ce daga zuriyar wani sarki Chlodio ya fito. Wani littafi na ƙarni na 7 kuwa ya ƙara gishiri, ya ce matar Chlodio ta shiga teku wanka, wani dodon ruwa ya auka mata, don haka ba a san ko Merovech ɗan sarki ne ko ɗan dodo ba. Gidajen sarauta da yawa suna son irin wannan asali, don ya nuna wa talaka cewa jininsu daban ne.

Daga kan ɗansa Childeric ƙafa take taka ƙasa. An ce mutanensa sun kore shi saboda ya matsa wa 'ya'yansu mata, ya gudu Thuringia, cikin Jamus ta yanzu, ya yi shekara 8 a gidan sarkin can. Da ya komo gida aka mai da shi kan sarauta, sai ga Basina, matar mai masaukinsa, ta biyo shi. Ya tambaye ta abin da ya kawo ta, ta ce jarumtarsa ce, kuma da ta san wanda ya fi shi, ko a hayin teku yake, can za ta nufa. Ya aure ta, ta haifa masa Clovis wajen shekarar 466. Childeric dai ba tatsuniya ba ne, don a 1653 masu haƙa a garin Tournai, a Beljiyam ta yau, suka ci karo da kabarinsa. Aka sami zobe mai ɗauke da sunansa da hotonsa da doguwar sumarsa, da makamai, da waɗansu ƙananan ƙwari na zinariya masu kama da ƙudan zuma. Ɓarayi sun sace mafi yawan kayan a Faris a 1831, suka narkar da zinariyar.

Clovis ya hau gadon ubansa yana ɗan shekara 15 ko kusa da haka. A 486 ya ci Syagrius, Barumen ƙarshe mai iko a arewacin Gaul, a Soissons. Daga nan ya shiga ƙulla surukuta da manyan sarakuna. Ƙanwarsa Audofleda ya ba Theodoric, sarkin Italiya. Shi kuma ya auro Clotilde daga gidan sarautar Burgundy, marainiya ce, a hannun baffanta Gundobad take, wanda Gregory ya ce shi ya kashe ubanta. Kirista ce, mijin kuwa yana bin gumakan kakanninsa. Ɗansu na fari, Ingomer, ta sa aka yi masa baftisma, bai daɗe ba ya rasu, Clovis ya ɗora laifin a kan addininta. Na biyu ma ya kwanta ciwo bayan baftisma, amma ya tashi. Ba ta fasa ba, har ranar da Clovis da kansa ya karɓi baftisma a Reims a hannun limami Remigius. Masu tarihi suna gardamar shekarar, daga 496 zuwa 508.

Surukutar ba ta hana yaƙi ba. A 507, a Vouillé, Clovis ya kashe Alaric sarkin Visigoth, wanda ke auren 'yar Theodoric mijin ƙanwarsa.

Mu mukan ce ɗan'uwa rabin jiki. Ga Clovis kuwa, duk namijin da ke da jinin gidan da doguwar suma abokin takara ne, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Sigibert gurgu, sarkin Cologne, Clovis ya aika wa ɗansa a asirce cewa tsoho ya tsufa, in ya kau, sarauta taka ce. Yaro ya sa aka kashe ubansa. Clovis ya tura manzanni su duba dukiyar da aka bari, yaro ya sunkuya yana tura hannu cikin akwatin zinariya, suka sare shi da gatari. Sa'an nan Clovis ya iso gari ya rantse ba da saninsa ba, mutane suka naɗa shi. Chararic da ɗansa aski aka yi musu aka sa su cikin limamai. Da labari ya kai wa Clovis cewa ɗan ya ce suma za ta sake tsirowa, sai ya sa aka fille musu kai. Ragnachar na Cambrai da ƙanensa, da hannunsa ya kashe su. Bayan duk wannan, in ji Gregory, ya tsaya gaban taro yana kukan cewa ya zama baƙo, ba shi da dangin da za su taimake shi ranar wuya. Ba baƙin ciki ba ne. So yake ko akwai wanda ya saura ya ɗaga kai. Abin mamaki, limamin da ya ba da labarin bai ga aibin sarkin ba, cewa ya yi Allah na ba shi nasara don yana tafiya da zuciya ɗaya.

Clovis ya rasu a Faris a 511, aka raba ƙasa kamar gonar gado tsakanin 'ya'yansa huɗu. Theuderic, babbansu, wanda wata mace ta haifa kafin Clotilde, ya sami Reims. 'Ya'yan Clotilde kuwa, Chlodomer ya sami Orléans, Childebert Faris, Chlothar Soissons. Da 'yan ubanci ne ya kawo tsiya, da an ce abin da aka saba ne. Amma mafi munin abin tsakanin 'yan ɗaki ɗaya ya faru.

A 524 Chlodomer ya mutu a yaƙin Burgundy, ya bar 'ya'ya maza uku ƙanana a hannun kakarsu Clotilde. Chlothar ya auri matarsa. Shi da Childebert suka ce wa tsohuwa ta aiko da yaran a naɗa su. Da suka shiga hannu, sai aka tura mata manzo da almakashi a hannu ɗaya, takobi a ɗaya, ta zaɓa. Cikin ɗimuwa ta ce gara ta ga gawarsu da ta gan su da aski. Manzo bai jira ta dawo hayyacinta ba. Chlothar ya soke babban, mai shekara 10. Ƙanensa, mai shekara 7, ya rungume ƙafar Childebert yana roƙo, har Childebert ya yi hawaye ya nemi a bar shi, ɗan'uwansa ya ce ko ka sake shi ko ka mutu a madadinsa. Ya sake shi. Na ukun, Clodoald, barori suka ɓoye shi. Da ya girma ya yanke sumarsa da hannunsa, ya shiga ibada, kuma garin Saint-Cloud da ke gefen Faris sunansa ya ci.

Chlothar ya fi 'yan'uwansa duka tsawon kwana. A 558 ƙasar ubansa ta koma hannunsa gaba ɗaya. Ɗansa Chramn ya yi masa tawaye, sai uban ya sa aka kulle shi cikin bukka da matarsa da 'ya'yansa aka cinna wuta. Chlothar ya rasu a 561, 'ya'yansa huɗu da suka rage suka sake raba ƙasar.