Daga Kalangun Shata Zuwa Jarumar Breaker

Mu mutanen Kankiya da Kusada ba mu da nisa da Musawa, garin da aka haifi Alhaji Mamman Shata a 1923. Kunnen iyayenmu da kalangu da 'yan amshi ya saba. Amma a yau, a gidan biki ko a rumfar mai cajin waya, muryar da ta fi tashi ta samari ce irin su Hamisu Breaker, masu rera soyayya a kan kiɗa mai taushi da aka haɗa a kwamfuta. Wannan salo ya yi kusa da abin da Amurkawa ke kira R&B, sunan da mujallar Billboard ta fara amfani da shi a 1949 ga kiɗan baƙaƙen fatar ƙasar. Sai dai namu bai taso daga Amurka kai tsaye ba. Idan muna son gane hanyar da ya biyo, mu duba wanda yake biyan mawaƙi a kowane zamani.

A zamanin Shata, mawaƙi da ubangidansa yake tafiya. Sarki ne, ko attajiri, ko direban babbar mota. A yi masa waƙa, ya ba da riga ko doki ko mota. Soyayya kuwa tana dandali, a bakin 'yan mata masu gaɗa, ba ta cika hawa faifai ba.

Finafinan Indiya ne suka sauya lissafin. Shekara da shekaru Hausawa na kallonsu a silima da talabijin, har saurayi da budurwa masu rera wa juna waƙa suka daina zama baƙi a idonmu. Da aka fara fim ɗin Hausa na bidiyo a Kano da Turmin Danya a 1990, ba a daɗe ba waƙa ta zama gishirin fim, fiyano ta maye gurbin kalangu. Sabon ubangida shi ne furodusa. Mawaƙa irin su Misbahu M. Ahmad da Sadi Sidi Sharifai da Fati Nijar su ke rerawa a sutudiyo, jarumi ya motsa baki a allo, galibin yabo ya tafi gare shi. Shata ya rasu a 1999, daidai lokacin da wannan kiɗa ke mamaye kasuwa.

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, daga baya memori da masu tura waƙa a kasuwa suka biyo. Daga nan mutum ya samu damar mallakar waƙa ba tare da ya sayi fim ba. Nazifi Asnanic da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef suka riƙa fitar da kundi da sunansu, aka san fuskokinsu.

A wannan fage Hamisu Breaker, ɗan unguwar Ɗorayi a Kano, ya taso. A 2020, lokacin kullen korona, waƙarsa Jaruma ta karaɗe ƙasar Hausa. Babu biki, babu taro, amma matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyo suna taka rawa a gaban mazajensu suna sakawa a Instagram da sauran shafuka. Wasu malamai suka yi tir, suka ce sirrin ɗaki ne aka fitar kasuwa. Wasu kuma suka ce ai gara mace ta yi wa mijinta. Duk inda mutum ya tsaya a wannan gardama, abu ɗaya ya tabbata: ba sarki ko furodusa ne ya ɗaga waƙar ba, masu waya ne.

Ke nan ubangidan mawaƙi a yau mu ne, kuma ubangida yana da nauyi a wuyansa. Wanda ya karɓi waƙa a memori bai ba mawaƙi ko sisi ba, shi ya sa da yawansu ke komawa waƙar 'yan siyasa da ta amare don su ci abinci. Makaɗin kalangu kuma, wanda ya gaji sana'ar daga kakanni, yana zaune a gida ranar biki saboda an ɗauko mai sifika. Haka kalmomi: abin da muka fi turawa shi mawaƙi zai ƙara yi, ko mai hikima ne ko na batsa.

Masu kyauta na da sun san abin da suke saya da rigarsu, shi ya sa har yau ake jin sunayensu a bakin Shata. Mu da muke kyauta da data da danna waya, ya kamata mu san irin waƙar da muke bar wa jikokinmu.