Waiwaye Kan Tarihin Lambunan Shaƙatawa na Birane

Da yawa daga cikinmu da neman abinci ya kai birane mun saba, idan Sallah ta zo ko yara suka samu hutu, mu ɗauki tabarma da kular abinci mu nufi wani lambu, manya su zauna a inuwa, yara su yi ta guje-guje. Mazauna Abuja sun san Millennium Park, na Kano sun san yadda Gidan Zu ke cika maƙil a ranakun yawon Sallah, waɗanda suka tsallaka Turai da Amurka kuwa sun ga yadda mutanen can ke tururuwa zuwa lambuna da kwandunan abinci daga watan Yuni zuwa Agusta, lokacin da sanyi ya sake su. Wanda ya tarar da irin waɗannan wurare a shirye zai zaci haka nan suka tsiro. Amma tarihi ya nuna cewa kusan kowannensu fili ne da aka ware da gangan, aka kashe masa dukiya, wani ma sai da aka kai ruwa rana kafin ya tsira daga hannun masu gini. Tun da Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, bari mu waiwayi huɗu daga cikinsu.

Birkenhead: Lambun Talaka da Basarake

A Ingila ta dā, manyan lambuna na sarakuna ne da masu hannu da shuni. Da masana'antu suka bunƙasa a ƙarni na 19, mutanen karkara suka kwarara birane, suka cunkushe a ƙananan ɗakuna cikin hayaƙi da ƙazanta, cututtuka irin su kwalara suka yi ta ɗibar su. A wannan hali ne hukumar garin Birkenhead, wanda ke tsallaken kogi daga Liverpool, ta samu amincewar majalisar dokoki a shekarar 1843 don ta sayi wani fili mai dausayi da kuɗin jama'a. Wani gwanin tsara lambu mai suna Joseph Paxton ya zana shi, aka haƙa tafkuna, aka dasa itatuwa, aka buɗe shi a shekarar 1847 ga kowa da kowa kyauta.

Dabarar da suka yi wajen kuɗi abar lura ce. Sun bar filaye a gefen lambun suka sayar wa masu son gina gidaje, kuma da yake kowa na son taga mai kallon itatuwa, filayen suka yi daraja, kuɗinsu ya taimaka wajen biyan aikin. A shekarar 1850 wani matashi Ba'amurke, Frederick Law Olmsted, ya ziyarci wurin, ya yi mamakin ganin lebura da attajiri suna yawo a kan hanya ɗaya. Ya koma gida da wannan tunani a ransa.

Central Park: Inuwar da Aka Tashi Wasu Domin Ta

Birnin Niyok yana da mutum kusan 124,000 a shekarar 1820, amma zuwa 1850 sun zarce rabin miliyan. Masu hangen nesa suka ga cewa idan aka yi sake, gidaje za su cinye tsibirin Manhattan ƙurmus. A shekarar 1853 majalisar jihar ta ba da izinin karɓar wani makeken fili, a lokacin da gine-gine ba su kai wurin sosai ba. A 1858 aka yi gasar zane, Olmsted da abokin aikinsa Calvert Vaux suka yi nasara. Dubban leburori suka fasa duwatsu, suka kwaso ƙasa, suka dasa itatuwa da tsirrai fiye da 270,000. Lambun yana da faɗin eka 843, kuma yau yana karɓar baƙi sama da miliyan 40 a shekara.

Sai dai filin ba kango ba ne kafin aikin. Kimanin mutum 1,600 ne aka tasa daga wurin. A cikinsu har da mutanen Seneca Village, wani ƙauye da ya kafu tun 1825, wanda akasarin mazaunansa baƙaƙen fata ne masu 'yanci, da yawansu sun mallaki filayensu, suna da majami'u uku da makaranta. Zuwa 1857 an rushe ƙauyen, mutanensa suka watse, aka shafe fiye da shekara ɗari kusan ba a ambaton sunansa.

Wani abin mamaki kuma shi ne, a shekarun farko dokokin lambun sun hana jama'a taruwa su shimfiɗa su ci abinci a kan ciyawa. Saboda haka masu keken doki ne suka fi cin moriyarsa, baƙin haure daga Jamus da Ailan, waɗanda suka saba fita cin abinci da dangi, suka koma wasu wurare. A hankali aka sassauta, har lambun ya zama na kowa. Daga baya, a shekarun 1970, birnin ya shiga matsin kuɗi, ciyawa ta mutu, kujeru suka karye, mutane suka riƙa tsoron shiga. Mazauna birnin ne suka kafa ƙungiyar sa kai a 1980, suka tara kuɗi suka farfaɗo da shi, kuma har yanzu ita ke ɗaukar mafi yawan nauyin kula da shi.

Uhuru: Macen da Ta Tare Bene Mai Hawa Sittin

A Nairobi ta ƙasar Kenya, shugaba Jomo Kenyatta ya buɗe lambun Uhuru a shekarar 1969, ya zama wurin da ma'aikaci mai ƙaramin albashi ke kai iyalinsa ranar hutu. A 1989, zamanin shugaba Daniel arap Moi, aka shirya gina bene mai hawa 60 a cikinsa, tare da wani ƙaton mutum-mutumin shugaban. Farfesa Wangari Maathai, wadda ta kafa ƙungiyar dashen itatuwa tun 1977, ta ce ba da ita ba. Ta rubuta wa hukumomi da jaridu, ta garzaya kotu. Kotu ta yi watsi da ƙararta, 'yan majalisa suka yi mata ba'a, aka kori ƙungiyarta daga ofishin da take ciki. Amma maganar ta riga ta bazu a duniya, masu zuba jari na ƙasashen waje suka janye a 1990, benen bai tashi ba. A 2004 aka ba ta lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya.

Al-Azhar: Juji Ya Zama Lambu

Alƙahira tana cikin biranen da suka fi ƙarancin fili mai ciyawa idan aka gwada da yawan jama'arsu. A gabashin tsohon birnin akwai tudun Darassa, inda aka yi kusan shekara 500 ana zubar da shara da ɓaraguzan gini. A 1984 Aga Khan ya yi alƙawarin yi wa birnin lambu, aka zaɓi wannan juji. Aka kwashe tarkace, aka kawo ƙasa mai kyau domin ta wurin gishiri ya yi mata yawa. Ana cikin haƙa sai ga ganuwar zamanin Salahuddin Ayyubi ta bayyana, aka gyara ta. An buɗe lambun Al-Azhar a 2005, faɗinsa hekta 30, kuma aikin ya haɗa da gyaran gidaje da koyar da sana'a a unguwar talakawa ta Darbul Ahmar da ke maƙwabtaka da shi. Ana biyan kuɗin shiga domin lambun ya riƙe kansa.

Mu Dawo Gida

Shi ma Millennium Park na Abuja, wanda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe a watan Disamba na 2003, ya samu ne domin tsarin birnin ya ware filaye tun kafin a mayar da gwamnati can a 1991. Mu ma a ƙasar Hausa muna da namu tun asali: dandali, filin Idi, ƙofar fada, gindin tsamiya da bakin kududdufi. Duk wanda ya san tsofaffin biranenmu ya ga yadda aka cike kududdufai aka yanka su fuloti, aka ci gefen ganuwa, aka jera shaguna a inda yara ke wasa. Abin da ya faru a birni yana tafe ƙauye, domin duk inda kwalta da wutar lantarki suka isa, farashin fili ya bi su.

Darasin waɗannan lambuna huɗu a fili yake. Ana ware wuri ne tun yana da araha, kamar yadda Niyok ta yi, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wajibi ne a biya masu gona haƙƙinsu cikin yarda, kada mu maimaita abin da aka yi wa mutanen Seneca. Ba lallai ne sai wuri mai kyau ba, tun da juji da dausayi ma sun zama abin alfahari. Sannan lambu yana bukatar takardar mallaka da sunan al'umma, da mai gadi, da asusun kula da shi, da mutanen da za su tsaya masa ranar da wani mai ƙarfi ya sa masa ido.

Saboda haka muna kira ga rassanmu na birane da su sa wannan batu a ajandar taron shekara, a zauna da hakimi da dagatai da ƙaramar hukuma, a auna ko da eka biyar ce a gefen gari, a kafa mata duwatsun iyaka, a yi mata takarda. Idan damina ta faɗi a dasa dogon yaro da maɗaci da tsamiya. Dogon yaro ba ya daɗewa yake ba da inuwa, tsamiya kuwa jikokinmu ne za su zauna a gindinta.