Alhakin Iyaye Kan Kallon Tashin Hankali: Hani, Shiru da Tattaunawa

Tsakure

Maƙalar ta waiwayi binciken masana halayyar ɗan Adam kan tasirin finafinan faɗa da kisa ga yara, sannan ta auna shi da zaman gidan Bahaushe. Matsayarta ita ce, a zamanin wayar hannu hani ba ya wadatarwa, kuma shirun babba a gaban allo yana cutar da yaro.

Abin da bincike ya nuna

A 1961 Albert Bandura da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford a Amurka sun bar yara 'yan shekara 3 zuwa 6 suna kallon wani babba yana jibgar 'yar tsanar roba. Da aka bar su da ita, sai suka rufe ta da duka yadda suka ga an yi, har da maimaita kalamansa. A 1963 aka nuna wa wasu yaran irin wannan duka a fim, su ma suka kwaikwaya. Masu suka sun ce dukan roba ba dukan mutum ba ne, kuma suna da hujja.

Binciken da Rowell Huesmann ya wallafa a 2003 ya fi nauyi. Ya bibiyi yara 329 na yankin Cikago tsawon shekara 15. Waɗanda suka yawaita kallon faɗa tun suna ƙanana, suka ɗauki jarumin a matsayin gwaninsu, suka kuma yarda cewa haka rayuwa take, sun fi saurin kai hannu bayan sun girma, maza da mata. Sai dai kada a ɗora wa allo abin da ba nasa ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana a 2015 cewa wasannin bidiyo na faɗa suna ƙara zafin rai, amma hujja ba ta kai a ce suna haifar da manyan laifuka ba. Faɗan daba a Kano ma ya girmi kaset ɗin bidiyo. Talauci da ƙwaya da dukan da yaro ke sha a gida duk suna da nasu kason.

Inda hukuma ba ta kaiwa

An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, lokacin da fim ke bi ta kasuwa da gidan kallo. Yau kuwa masu tura finafinai suna loda wa yaro na Indiya da aka fassara da Hausa a waya da kuɗi kaɗan. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne hotunan kisa na gaske, na 'yan bindiga da na gawarwaki, da ke yawo a WhatsApp da TikTok. Sau da yawa a wayar uwa ko uba yaro ke ganinsu, domin ita ake miƙa masa don ya yi shiru. Babu mai tace wannan sai mutanen gida.

Matsayin iyaye

Amy Nathanson ta nazarci hanyoyi uku da iyaye ke bi: kafa doka, tattaunawa, da kallo tare ba tare da cewa komai ba. A bincikenta na 1999, biyun farko sun tafi tare da raguwar zafin rai, na ukun kuwa ya tafi da ƙaruwarsa. Dalilin a fili yake. Yaron da ya ga an yanka mutum, ya waiga ya ga mahaifinsa bai ko motsa ba, zai ɗauka abin ba laifi ba ne. A 2000 ita da Joanne Cantor sun nuna wa yara katun na mugunta, suka umarci wasunsu da su riƙa tunanin halin da wanda ake zalunta yake ciki. Yara maza da aka yi wa wannan umarni ba su nuna ƙarin son faɗa ba, saɓanin 'yan'uwansu da suka kalla haka kawai.

A nan ne gidan Bahaushe ke da cikas na kansa. Kunyar ɗan fari da kwarjinin maigida sun sa hira tsakanin uba da ɗa ba ta cika tsawo ba. Tsawa da ƙwace waya sun fi sauƙi, yaro kuwa sai ya koma gidan maƙwabta ya ƙarasa kallonsa. Amma al'adar da ta sa wannan tazara ta tanadi masu cike ta. Kaka tana wasa da jika, kawu da gwaggo suna jin abin da yaro ba zai iya faɗa wa mahaifinsa ba. A ganin mai wannan maƙala, wajibin iyaye ne su san abin da ke cikin wayoyin gidansu, su daina tura hotunan gawa, su kuma ɗora wa waɗannan dangi aikin tambayar yaro: wanda aka kashe ɗin nan, wa zai ciyar da 'ya'yansa?