Jagaban Jirgin Yaƙi: Rayuwar Johnny Smythe (1915–1996)

1.0 Gabatarwa

Idan ana maganar rawar da mutanen Afirka ta Yamma suka taka a Yaƙin Duniya na Biyu (1939–1945), wanda tsofaffi ke kira Yaƙin Hitila, sojan ƙasa ne ake fara tunawa, wato samarin Kano da Katsina da Sakkwato da aka kai Bama, da na Dahome da suka shiga rundunar Faransa. Ba safai ake ambaton waɗanda suka yi yaƙi a sama ba, domin ba su da yawa. Wannan maƙala ta dubi rayuwar ɗaya daga cikinsu, John Henry Smythe, mutumin Saliyo, wanda ya yi aikin nuna hanya a jirgin jefa bama-bamai na Ingila.

2.0 Aikin jagaba

A zamanin fatauci, ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro daga ƙasar Hausa yakan ratsa ta Nikki da Paraku da Jugu. Madugu ne shugaban tafiya, amma jagaba ne ke gaba, shi ya san hanya da mashigin rafi da zangon da za a yada. Haka abin yake a jirgin jefa bama-bamai: matuƙi ne ke riƙe da jirgi, amma akwai wanda ke gaya masa inda zai dosa. Shi ne za a kira jagaba a nan.

Jagaban jirgi yana zaune ne a bayan matuƙi, gaban wani ɗan tebur, da taswira da kamfas da agogo da fensir. Yana lissafa gudun jirgi da ƙarfin iska da inda take kaɗawa, sannan ya fitar da wurin da suke. Da dare ake tafiya, garuruwan abokan gaba kuwa sun kashe fitilu, don haka wani lokaci sai ya nemi taimakon taurari. Aikin yana da wuya ƙwarai. Wani bincike da gwamnatin Ingila ta yi a 1941 ya nuna cewa cikin jirage uku da suka ce sun kai hari, ɗaya kaɗai ya kusanci inda aka aike shi da mil biyar. Daga 1942 aka fara sa wa jirage na'urar rediyo mai suna Gee don taimaka wa jagaba.

3.0 Daga Firitawun zuwa Ingila

An haifi Smythe a Firitawun a 1915, cikin al'ummar Kiriyo. Da yaƙi ya ɓarke sai ya shiga rundunar tsaron gida ta Saliyo, har ya kai saje. Kafin watan Oktoba na 1939, dokar sojan Ingila ba ta yarda wanda ba Bature ba ya zama hafsa. Bukatar mutane ce ta sa aka ɗage wannan doka, kuma Smythe yana cikin 'yan ƙalilan da aka zaɓa daga Afirka ta Yamma zuwa rundunar sojan sama. Ya sami horon jagabanci, ya zama hafsa a 1943, aka tura shi runduna ta 623 da ke Downham Market a gabashin Ingila.

Jirgin da rundunar ke amfani da shi sunansa Stirling, mai inji huɗu da ma'aikata bakwai. Babban aibinsa shi ne ba ya iya lulawa sama sosai, don haka bindigogin kakkaɓo jirage sun fi samun sa. Aikin kansa kuwa sai da rai: cikin mutum kimanin 125,000 da suka tashi a jiragen jefa bama-bamai na Ingila, 55,573 ba su tsira da rayukansu ba. A ƙasa ma, bama-baman sun hallaka fararen hula masu ɗimbin yawa a biranen Jamus.

4.0 Kamu da zaman fursuna

A daren 18 ga Nuwamba, 1943, jirginsu ya tashi kai hari birnin Mannheim. Harsashin bindigar ƙasa ya same su, Smythe ya ji rauni, daga bisani dole ya diro da laima. Baƙin mutum, dogo, ga rauni, a tsakiyar Jamus ta Hitila, ba shi da inda zai saje da jama'a. Ba a daɗe ba aka kama shi, aka yi masa tambayoyi, sannan aka kai shi sansanin fursunonin yaƙi na Stalag Luft I, kusa da garin Barth a arewacin Jamus. Ya yi kusan shekara ɗaya da rabi a can, har sojan Tarayyar Sobiyat suka iso a farkon watan Mayu na 1945.

5.0 Bayan yaƙi

Da ya koma Landan sai ya kama aiki a Ofishin Mulkin Mallaka, yana kula da walwalar sojan sama 'yan yankin Karibiyan. A 1948 aka sa shi rakiyar waɗanda aka sallama zuwa gida a jirgin ruwan Empire Windrush. Sun tarar da rashin aikin yi ya yi tsanani a Jamaika, shi ya sa jirgin ya juyo da ɗaruruwan masu neman aiki, suka sauka a Tilbury ranar 22 ga Yuni, 1948. Daga sunan wannan jirgi aka samo laƙabin da ake yi wa 'yan Karibiyan da suka zauna a Ingila bayan yaƙi.

Daga nan Smythe ya karanta shari'a, ya koma Firitawun, ya yi aikin lauya har ya zama babban lauyan gwamnatin Saliyo, ƙasar da ta sami 'yancin kai a 1961. Ya ƙarasa rayuwarsa a garin Thame na Ingila, inda ya rasu a 1996.

6.0 Kammalawa

Tarihin Smythe ya nuna yadda yaƙi ya tona asirin wariyar mulkin mallaka. Mutumin da doka ta hana wa hafsanci kafin 1939, shi ne bayan shekara huɗu Turawa shida suka danƙa wa rayukansu cikin duhu, suna bin lissafinsa. Abin da aka hana shi da farko dama ce, kuma da ta samu bai yi wasa da ita ba.